Allon inci 17: tsakanin kunyar suruki da shawarar ƙane

Wasiƙar wannan makon daga unguwar Mabera ta fito, a cikin garin Sakkwato. Ga abin da mai ita ya rubuto:

"Assalamu alaikum. Ni malamin Larabci ne a wata makarantar sakandare, shekaruna 49, kuma ina karatun digiri na uku. Aikina a kan wani tsohon rubutun hannu ne da na ɗauki hotunan shafukansa da waya. Kullum ina buɗe hoton shafi a gefe guda, in buɗe Word a ɗaya gefen, ina kwafa ina gwamawa. Laftof ɗin da nake da ita 'yar inci 14 ce, ta tsufa, in na yi awa biyu gabanta sai kaina ya ɗau ciwo, wasulla su riƙa haɗewa. Na kwashi adashi, na haɗa naira dubu 500 don in sayi babba mai inci 17. To wan maiɗakina, Alhaji, yana da shagon kwamfuta. Da ya ji labari sai ya ware mini wata ta hannu, ya rage kuɗi sosai, har ya ce in ɗauka in biya sannu a hankali. A takardar da ke liƙe jikinta an rubuta 1600×900. Ƙanena da ke aiki Abuja kuwa ya ce wannan tarkace ne, kada in sayi komai sai 4K ko da bashi zan ci, wai ita za ta fito mini da rubutun tsaf. Ni ban san wanga lissafi ba. Kunyar Alhaji nika ji, mutum ne da bai taɓa yi mini ba daidai ba, kuma ba ni son uwargida ta ji na tsallake shagon wanta na kai kuɗi wani wuri. Ba ni kuma son adashin shekara guda ya tafi a banza. Mi za ni yi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa a gama karatu lafiya, ya sa albarka cikin adashin.

Ba zan ja maka rai ba. Kada ka ɗauki wadda Alhaji ya ware, kada kuma ka ci bashi don 4K. Abin da ya dace da aikinka da idonka da aljihunka shi ne allo mai 1920×1080, wanda masu shago ke kira Full HD, irin gilashin da ake ce wa IPS, mai fuskar da ba ta sheƙi. Kuma a hannun Alhajin za ka saye ta. Yadda za a yi haka ba tare da an ɓata da kowa ba, zan zo kansa. Sai dai tunda ka ce ba ka san lissafin ba, gara in warware maka shi, don ranar da ka zauna gaban Alhaji ka yi magana da bakinka, ba da "an ce mini" ba.

Na san ka riƙe allo kafin ka riƙe alli. Ka tuna ƙolo da aka ba ƙaton allo, aka kuma feƙe masa alƙalami mai faɗin baki. Layi biyar ko shida sun cika allon. Gardi kuwa da alƙalaminsa mai tsini zai zuba sumuni guda a allon da bai kai wancan girma ba, kowane wasali a mazauninsa. To inci 17 ɗin nan girman allon ne kawai. Lambobin da ka gani a takarda su ne bakin alƙalamin. Fuskar kwamfuta ƙananan ɗigon haske ce a jere, kuma da su ake zana duk abin da kake gani. 1600×900 na nufin ɗigo 1600 a kwance, 900 a tsaye, jimilla 1,440,000. Mai 1920×1080 tana da 2,073,600. Ita 4K, wato 3840×2160, tana da 8,294,400, ninki huɗu cif na Full HD. Amma dukkansu a fili ɗaya ake shimfiɗa su. Allon da ake kira inci 17, ainihinsa 17.3 ne daga kusurwa zuwa kusurwa, faɗinsa kusan santimita 38, tsayinsa 21 da rabi. Ko ɗigo nawa aka zuba a ciki, filin ba ya ƙaruwa da ko ƙwayar gero.

Saboda haka abin da ido ke ji shi ne cunkoson ɗigon: nawa ne a cikin kowane inci. A allon 17.3, mai 1600×900 tana ba da ɗigo 106 a inci. Full HD tana ba da 127. 4K tana ba da 255. Yanzu ga abin da zai ba ka mamaki. Ba ka faɗi lambar tsohuwar laftof ɗinka ba, amma tsofaffin 'yan inci 14 galibinsu 1366×768 ne, kuma wannan ɗigo 112 ne a inci. Wato in haka taka take, wadda Alhaji ya ware maka ta fi ta girma, amma alƙalaminta ya fi na tsohuwar kauri. Baƙaƙen za su ƙara girma, gaskiya ne, za ka ɗan ji sauƙi a makon farko. Amma bakinsu ba zai ƙara fita ba, kuma kai abin da kake nema ke nan.

Mu dubi aikinka da kyau. Ka raba allon biyu, hoto a dama, Word a hagu. A 1600×900 kowane ɓangare ya samu ɗigo 800 a faɗi. A tsaye kuma, cikin 900 ɗin nan sai ka cire layin ƙasa na Windows, ka cire jerin maɓallan da ke saman Word, abin da ya rage na rubutu kaɗan ne. Shi kuma rubutun hannu irin namu na ƙasar nan, kai ka fi ni sani, ba ya yafe wa mai ganin dishi-dishi. Ɗigon fa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama, ba kamar bugun gabas ba. Tabon ruwa ko kashin ƙuda a takarda kan yi kama da ɗigo. Wasali da jar tawada aka sa shi, tawadar ta koɗe, takardar ta yi ruwan ƙasa. Mai aiki irin wannan ba girman baƙi kaɗai yake so ba, so yake ya bambance ja da ya dushe da ruwan ƙasa mai duhu. A nan ne matsala ta biyu take, wadda ma ta fi ta lambobi. Allunan inci 17 masu 1600×900 mafi yawansu irin gilashin nan ne mai araha da ake kira TN. Alamarsa a fili take: ka ɗan sunkuyo ko ka ɗaga kai, sai launi ya sauya, fari ya koma toka-toka, baƙi ya wanke. Mutumin da zai yi awa huɗu yana duban takarda a kan tebur yana ɗagowa yana duban allo, kowace ɗagowa launi daban zai tarar. IPS ba ya haka, ta kowane gefe ka dube shi launinsa na nan.

Ban ce Alhaji ya cuce ka ba, kuma kada ka bari kowa ya sa maka wannan a rai. Mafi yawan masu shiga shago suna cewa "babba nake so", kallon fim ko lissafin kanti za su yi, kuma wannan allon ya ishe su. Alhaji ya ji kana kukan ido, ya zaɓo maka mai manyan baƙaƙe, ya rage kuɗi. Da zuciya ɗaya ya yi. Bai taɓa zama ya ga abin da kake yi da ita ba ne kawai.

Shi ma ƙanenka ba ƙarya ya yi ba. Allon 4K mai kyau abin sha'awa ne, baƙaƙe a kansa kamar bugun littafi. Amma akwai abin da bai gaya maka ba, wataƙila don shi idonsa da sauran ƙuruciya. In aka bar 4K yadda take a inci 17, kowane baƙi zai koma rabin tsayin da yake da shi a Full HD, kamar sawun tururuwa. Ba mai iya aiki a haka. Dole Windows ta kumbura komai, zuwa kashi 200 ko 250 cikin ɗari. A kashi 200, filin aikin da ya rage maka daidai yake da na 1920×1080, ba ƙarin layi ko ɗaya. Ka biya kuɗin ɗigo miliyan takwas, ka zauna a ɗakin miliyan biyu. Ribar da ka ci ita ce santsin bakin baƙaƙe, kuma ita ma tana da iyaka. Ido mai cikakkiyar lafiya, in yana nesa da allo da santimita 60, wajen ɗigo 145 a inci ne ƙarshen abin da yake iya rarrabewa. Full HD da 127 ɗinta ta kusa kai wa can. Abin da ya haura, kaɗan ne daga cikinsa ke isa ga idon saurayi, balle na mai shekara 49 da ya kwana yana duba takardun jarrabawa.

Zai ce maka ai hoton rubutun ne zai fi fita. To mu lissafa. Waya mai kyamarar megafiksel 12 tana ɗaukar hoto mai kusan ɗigo 4000×3000. In ka ɗauki shafi a tsaye, tsayinsa 4000 ne, ita kuwa 4K tsayinta 2160. Ko ita ba za ta nuna maka shafin gaba ɗaya da dukan ɗigonsa ba. Ko da wace ka saya, sai ka jawo hoton kusa in kalma ta rikice. Kuma in hannunka ya girgiza lokacin ɗauka, ko ɗakin ba haske, ko ka tura hotunan ta WhatsApp a matsayin hoto ya matse su, to babu allon da zai dawo da abin da ya riga ya zube. In ta WhatsApp kake kwashe su zuwa kwamfuta, ka daina. Ka yi amfani da igiyar caja, ko ka tura su a matsayin fayil. Wannan kaɗai zai iya gyara maka rabin abin da kake zargin allo da shi, kuma ko kwabo ba za ka kashe ba.

Sai maganar wuta, wadda mutumin Abuja da ke zaune cikin sanyin ofis ba lalle ya tuna da ita ba. Hasken da ke bayan gilashi sai ya ƙara ƙarfi kafin ya ratsa ɗigon da suka cunkushe haka, injin ma sai ya ƙara aiki wajen zana su. Duk daga batir ake cira. Batirin laftof kuwa ba ya wuce wat-awa 100, saboda iyakar da aka sa wa abin da fasinja zai shiga jirgin sama da shi ke nan, kuma ta hannu batirinta ya riga ya sha jiki. Ƙari a kan haka, masu inci 17 da ke zuwa da 4K galibi manyan injuna ne na masu zanen gini ko masu wasannin kwamfuta. Nauyinsu kan kai kilo uku, cajarsu kamar bulo, mai wat 180 zuwa 240, alhali ta talaka wat 45 ko 65 ce. In ƙaramin sola gare ka a gida, za ka ji a jikinka. Ka haɗa da zafin Afrilu da Mayu a Sakkwato, lokacin da awo ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka. Injin da ke zafi a garin da ke zafi, kukan fankarsa kaɗai ya isa ya hana ka karatun dare. Ranar da kuma tsautsayi ya sa gilashin ya fashe, na Full HD ana samunsa wurin masu gyara ba wahala, na 4K sai an yi oda, an jira, an biya kuɗin da zai sa ka yi salati.

Akwai kuma tsofaffin manhajoji da ba su san da zancen kumbura rubutu ba. Wasu sukan fito ƙanana ƙwarai, wasu su fito da hazo-hazo. In kana aiki da Maktaba Shamila, manhajar nan ta littattafan Larabci, ko wani tsohon ƙamus na kwamfuta, ka riƙe wannan a rai, ka gwada shi a kan duk wadda za ka saya.

Tsakanin biyun akwai 2560×1440, mai ɗigo 170 a inci. In ta faɗo cikin kuɗinka ba tare da bashi ba, ka ɗauka, ba zan hana ka ba, da kashi 150 za ka yi aiki da ita cikin jin daɗi. Amma ban ce ka tsaya jiranta ba. Wani abin da ya fi wannan amfani gare ka: akwai 'yan inci 16 da ake yi yanzu masu 1920×1200. Tsayin allonsu daidai yake da na inci 17.3, santimita 21 da rabi, faɗin ne kawai ya ragu da kamar yatsu biyu. Tunda shafi a tsaye yake, kai tsayi ne abokinka. Ga ƙarin ɗigo 120 a tsaye, ga sauƙin ɗauka a kan babur zuwa makaranta. In Alhaji ya samo irinta cikin kuɗinka, kada ka ce lalle sai 17.

Bari in ba ka labarin wautata, don kada ka maimaita. Shekarun baya na sayi wata laftof bayan magariba, a wani shago mai fitila ɗaya. Fuskarta sai ƙyalli take kamar an shafa mata mai, launuka sun fito rangaɗau, na biya ina murna. Washegari da hantsi na fito da ita gindin dogon yaro a ƙofar gida don in yi aiki. Abin da na gani a ciki: hulata, gemuna, da akuyar maƙwabci tana wucewa a bayana. Rubutu kuwa sai na kare da tafin hannu. Na koma ɗaki na saki labule, a watan Afrilu, ina aiki ina gumi kamar mai toya ƙosai. Shekara biyu na yi a haka. Lambar ɗigonta ba laifi, sheƙin ne ya kashe ni. Garinmu garin rana ne. Ka nemi fuska marar sheƙi, wadda in ka kashe kwamfutar ba ka ganin kanka sosai a ciki. Ka kuma tambayi ƙarfin haskenta, ana auna shi da abin da ake kira nit. Masu araha 220 zuwa 250 ne, kai ka nemi 300 ko fiye. Yawan launukan da allo ke iya nunawa kuma da ma'aunin NTSC ko sRGB ake rubuta shi: in takardar bayani ta ce launinta kashi 45 na NTSC ne, ja zai fito a koɗe. Mai kashi 72 na NTSC, ko kashi 100 na sRGB, ita ce ta mai bin jar tawada.

Yanzu abin da ba ka tambaya ba, amma shi ya fi damuna a wasiƙarka: ciwon kai bayan awa biyu da wasulla masu haɗewa. Malam, yaushe rabonka da gwajin ido? Daga shekara 40 zuwa 45 ƙwayar ido takan fara taurin kai wajen ganin kusa. Ba cuta ba ce, girma ne, kuma kusan kowa sai ya je wurin. In ka lura ka fara nesanta littafi da fuskarka kafin ka karanta, to shi ne. Kafin ka kai wa kowa dubu 500, ka kai idonka a auna. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da sashen ido, akwai kuma wasu wuraren a gari. Ka gaya wa mai awon cewa a gaban kwamfuta kake yini, domin tabaran karatu ana daidaita shi ne da nisan littafi, wajen santimita 35 zuwa 40, ita kuwa kwamfuta ta fi haka nisa. Tabaran da ake sayarwa a kan tebur a kasuwa bisa gwada-ka-gani na nisan littafi ne, shi ya sa wasu ke sa shi su ƙara da ciwon wuya. Ka kuma saba wa kanka, duk minti 20 ka ɗaga kai ka dubi wani abu mai nisa, bangon tsakar gida ko bishiya, na daƙiƙa 20. Mai kallon allo yakan rage ƙifta ido bai sani ba, ga iskar garin nan busasshiya.

In ka sayo ta, akwai kuskure ɗaya da nake gani a kwamfutar kusan duk dattijon da ya kawo mini kuka. Rubutu ya yi masa ƙanƙanta, sai wani yaro ya shiga ya rage masa lambar ɗigon, ya mai da 1920×1080 zuwa 1366×768. Baƙaƙe sun girma, amma komai ya yi dishi-dishi, don gilashin yana da adadin ɗigonsa na asali, duk abin da ba shi ba shafe-shafe ne. Kada ka taɓa wannan lambar. Ka danna maɓallin dama na linzami a fili, ka shiga Display settings, ka bar Display resolution a inda aka rubuta Recommended. Wurin da za ka taɓa shi ne Scale: ka gwada 100, ka gwada 125, ka tsaya inda idonka ya huta. Wani mai lissafi zai ce, ai a kashi 125 filin aikin ya koma 1536×864, bai ma kai na 1600×900 ba. Haka ne. Amma kowane baƙi da ɗigo mafi yawa aka zana shi, hoton shafinka kuma yana cin moriyar dukan ɗigon, kuma ranar da kake son fili kana da damar komawa 100. Mai 1600×900 ba shi da inda zai koma. Raba allo biyu kuwa, maɓallin Windows da kibiyar hagu ko dama, shi ke nan.

To mu koma kan Alhaji. Kunyarka a wurinta take, wan mata ba abokin wasa ba ne. Amma ka duba abin da kunyar za ta haifar in ka bi ta. Ka ɗauki wadda ba ta yi maka ba, ka yi shekara uku kana jin haushi a ɓoye, kana biyan bashi kowane wata a kan abin da ba ka so, in kun haɗu a suna ko ɗaurin aure ya tambaye ka "ya kwamfuta?" ka ce "lafiya lau" kana haɗiye magana. Wannan ya fi cin zumunci a kan magana ɗaya ta gaskiya yau. Kuma ba ƙin kayansa za ka yi ba, aiki za ka ba shi. Ɗan kasuwa ba ya jin zafin a ce masa "nemo mini", abin da ke yi masa ciwo shi ne ya ga kayan wani a hannunka. Ka je da kanka, ba ta waya ba, ba kuma ta bakin uwargida ba, kada ka sa ta tsakiya. Bayan gaisuwa ka ce: "Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na duba aikin da nake yi na rubutun hannu, ashe irin mai 1920×1080 IPS yake so, saboda wasulla. Ka taimaka ka sa mutanenka na Kano ko Legas su nemo mini irinta. Ko mako biyu ne zan jira, in da ciko kuma zan cika." Ka buɗe masa shafi ɗaya a wayarka ya gani da idonsa. Mutumin da ya ce ka ɗauka ka biya sannu a hankali ba zai ƙi wannan ba. Ita kuma waccan, wani zai zo ya saya kafin wata ya ƙare.

Ba abu ne mai wuyar samu ba. Kamfanoni sukan fitar da samfuri ɗaya da gilashi iri-iri. Dell Precision 7730 da HP ZBook 17 G5, da suka fito a 2018, kowacce an yi ta da 1600×900, an yi ta da Full HD, an yi ta da 4K. Ba cewa na yi ka sayi waɗannan ba, suna cikin masu nauyi da cin wutar da na faɗa. Na kawo su ne don ka ga sunan kwamfuta ba ya gaya maka irin allonta, takardar da aka liƙa ma ba shaida ba ce, balle a kayan hannu da wataƙila an taɓa sauya wa gilashi tun kafin su iso ƙasar nan. Ka roƙi Alhaji kuma kada injinta, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa ta, ya gaza zubi na takwas na kamfanin Intel, don Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuwa Windows 11 daga zubi na takwas ɗin take fara karɓar inji.

Ƙanenka kuwa, ka gode masa, ka gaya masa ka ji shawararsa ta guje wa 1600×900. In da gaske yana son ya ga ka huta, ga inda gudummawarsa za ta yi amfani: allon tebur mai inci 24, irin wanda ake iya juyawa ya tsaya a tsaye, a haɗa shi da laftof da igiyar HDMI. Shafin rubutun hannu ya tsaya a kansa ya fi girmansa na takarda, Word kuma ya mallaki allon laftof shi kaɗai. Na hannu ba ya kusa da kuɗin da ke tsakanin Full HD da 4K, wutarsa kuma ba ta taka kara ta karya ba. Ba yanzu ba, sai ka zauna da sabuwar wata ɗaya ko biyu ka ga ko da buƙata.

Ranar da Alhaji ya kira ka ya ce ta iso, ka je da hantsi, ba da dare ba, ka tafi da sabon tabaranka da filashi. A cikin filashin ka sa hoto fari fat da hoto baƙi ƙirin, ka buɗe kowanne ya cika allo: a farin za ka ga mataccen ɗigo ko tabo, a baƙin za ka ga in haske na yoyo ta gefe. Ka shiga Display settings ka karanta lambar da idonka. Ka tura murfin baya, ka jawo shi gaba, ka leƙa ta gefe, ka ga ko launi ya sauya. Ka ɗauke ta zuwa bakin ƙofar shago inda rana ke shigowa. Ka zare caja ka ga yadda batir ke sauka. Sannan ka nemi kujera, ka buɗe shafin da ya fi ba ka wahala a duk littafin, wanda ruwa ya taɓa, ka sa shi a dama, Word a hagu, ka kwafi layi goma kana zaune yadda kake zama a gida. Alhaji zai aika a kawo maka ruwan sanyi, ka sha, kada ka yi gaggawa. In ka gama layi goman ba ka kai hancinka jikin gilashi ba, ka ƙirga masa kuɗinsa.